Ɗigon Mai Har Ƙofata

Ranar Litinin ce, wajen bakwai da rabi na safe. Ina tsugune a baranda ina matse tsumma cikin bokiti sai na ji Likita ta ƙwalla ƙara daga ɗakin haɗi. Shekara biyu ina goge-goge a ƙaramin asibitin nan, ban taɓa jin ta ɗaga murya ba. Na shiga da tsumman a hannuna. Ƙofar firij a buɗe, kuma inda manyan kwalabe huɗu suke zama babu komai sai shatin gindinsu.

Bari in faɗi abin da ke cikin kwalaben, don a gane girman abin da ya ɓace. Ni a aji shida na tsaya, amma mai share ƙarƙashin teburin masu ilimi ba ya rasa tsintar wani abu. Man kifin teku ne. Akwai yaran da hanjinsu ba ya riƙe maiƙo, duk abin da suka ci sai ya wuce, su kuma su yi ta bushewa. To Mai Haɗi, wato ma'aikacin da ke haɗa maganin, yana da wani inji da ke dukan man nan har ya farfashe ya zama ƙwayoyi ƙanana, kowace da 'yar rigarta. Ya ce da za a ajiye guda kusa da gashin kaina, da gashin ya zama kamar gungumen icce. In an gama sai ya koma fari kamar madara, hanji ya sha shi bai sani ba.

Yara tara ne ke zuwa kullum ban da Lahadi, da ƙarfe tara, kowa a ba shi ɗan kofi guda. 'Yata tana cikinsu. Tsuntsuwa muke ce mata, don in ka ɗauke ta sai ka duba ko tana hannunka. Shekararta uku. Sati biyar da fara shan farin man nan ta dafa gado ta miƙe tsaye da kanta, uwarta ta yi ta kuka har maƙwabta suka zaci wani abu ne ya faru.

"Wani haɗin fa?" Likita ta tambayi Mai Haɗi.

"Sai nan da sati uku," ya ce. "Abin da nake yi wa ƙwayoyin riga da shi ya ƙare, yana hanya."

Sati uku. Na san abin da kwana biyar babu man nan ya taɓa yi wa Tsuntsuwa.

Ba a fasa ƙofa ba. Makulli kuwa mu huɗu ne ke da shi: Likita, Mai Haɗi, Mai Sito, sai ni. Ina tsaye ina wannan lissafi sai ga Mai Gadi ya leƙo.

"Ku zo ku gani," ya ce. Bai kalle ni ba.

Daga ƙofar baya, a kan simintin lungu, ɗigo-ɗigon mai ne ya miƙe. Kyanwa biyu na lasa. Muka bi shi, muka wuce shagon tela, muka wuce famfo, ya kwana hagu. Ni dai tun daga famfo na san inda za shi, don hanyata ce ta kullum. A bakin ƙofar ɗakina ya tsaya.

Kafin mu dawo iyaye mata sun fara taruwa a baranda da yaransu. Labari ya riga mu isowa. Matan da jiya-jiya suke ce min "Baban Tsuntsuwa, ina gajiya", yau kowace ta ja ɗanta jikinta.

"Shi kaɗai ya haifa ne?" in ji wata.

"Ya kwashe don tasa ta sha ta ƙoshi, namu su mutu."

Matata tana ƙarshen benci da Tsuntsuwa a cinya. Wadda ke kusa da ita ta tashi ta canza wuri.

Mai Sito ya dafa kafaɗata. Shi ya samo min aikin nan, shi ya fara gaya wa Likita halin 'yata. Dattijo ne mai fara'a, ya yi shekara ashirin yana harkar kifi kafin ya zo nan.

"Ɗana," ya ce a hankali, "in kai ne, ka faɗa. Uba ne kai, kowa zai gane."

Na girgiza kai.

Likita ta ce ƙarfe ɗaya za ta kira 'yan sanda. Amma kafin nan ta aika a ɗauko wani tsoho da ya taɓa gano wa mahaifinta shanu goma sha biyu bayan an yi ruwa a kan sawunsu.

*

Baba Sannu ake ce masa. Ya iso da sanda, da 'yar kujera mai naɗewa, da gorar ruwa rataye a wuya. Ya gaida kowa har kyanwa. Na ga tafiyarsa, na duba agogon bango. Ni kaina ana min tsiya da sanyin jiki, amma tsohon nan ya fi ni.

"Kai ne ɓarawon?" ya tambaye ni.

"Ba ni ba ne, Baba."

"To madalla. Riƙe min kujera."

Ya fara da ɗakin haɗi. Ya tsaya a bakin ƙofa ya hana kowa shiga.

"Yaushe ka goge nan?"

"Asabar da yamma."

"Yaya kake gogewa?"

"Daga can lungu nake farawa, ina ja da baya har in fita. Ba na taka inda na goge."

Ya durƙusa da ƙyar, ya kwantar da kuncinsa kusa da ƙasa yana kallon hasken taga a kan tayil. Ya lashi yatsa ya dangwalo wani abu kusa da firij, ya naɗe a takarda ya sa aljihu.

A lungu ya zauna a gaban ɗigon farko. Ya daɗe yana kallonsa kamar mai jiran ya yi magana. Sannan ya matsa na gaba. Haka muka yi ta yi, ni ina ɗaukar kujera ina ajiyewa, mutanen lungu na binmu a baya, wasu na nuna ni da baki.

Matata, da ta biyo mu goye da Tsuntsuwa, ta buɗe mana ɗaki. Ɗaki ɗaya ne: gado, akwati, randa, da tabarmar Tsuntsuwa. Mai Gadi, da ya biyo mu, ya leƙa bayan randa ya zaro wata 'yar kwalba. Farin ruwa ne a ciki har rabi.

"Ga shi!" ya ɗaga sama don na waje su gani. Lungu ya ɗauki hayaniya.

Ban taɓa ganin kwalbar ba. Na dubi matata. Ta zame ta zauna a ƙasa.

"'Yata," in ji Baba Sannu, "mene ne wannan?"

"Ɗauraya ce, Baba." Da ƙyar ake jinta. "In ta shanye, akwai ɗan abin da ke maƙalewa a kofi. Sai in zuba ruwa in kaɗa in juye a nan, in ba ta da yamma. Ban gaya wa kowa ba. Kar a ce na raina abin da ake ba mu."

Baba ya karɓi kwalbar ya shinshina. Ya ce a ba shi kofin gilashi. Ya zuba ruwa daga gorarsa, ya ɗiga farin abin a ciki. Ya bazu kamar hayaƙi, ya ɓace, babu ko ido ɗaya na maiƙo a sama. Ya zubar, ya sake zuba ruwa, ya kankaro ɗigon bakin ƙofa da tsinke ya sa a ciki. Wannan kuwa sai ya taso sama, rawaya, da wasu 'yan gudaji farare suna yawo a ƙarƙashinsa.

"Ikon Allah," ya ce. Ya miƙa min kofin. "Riƙe da kyau. Kar ka zubar, kar ka sha."

*

Da muka koma asibitin, Baba Sannu ya zauna da Mai Gadi a ƙarƙashin inuwar ƙofa.

"Jiya Lahadi wa ya shigo?"

"Babu kowa."

"Kana nan wuni guda?"

"Ina nan daram."

"Askin nan naka ya yi kyau. Na jiya ne?"

Mai Gadi ya shafa ƙeya. Ya ce to, ya ɗan je aski bayan azahar, awa ɗaya, ko biyu, layi ne ya yi yawa. Ya ce an ɗauke wuta tun sha biyu, janareta ya ƙi tashi, ya buga wa Likita bai samu ba, ya buga wa Mai Sito ya ce masa kar ya damu. Wuta ba ta dawo unguwar ba sai yau da safe.

"Ni in za ka ji tawa, Baba," ya rage murya, "ka binciki Mai Haɗi. Ranar Alhamis sun yi cacar baki da Likita. Wani kamfani na zawarcinsa. Kwalaben nan su ne shaidar gwanintarsa."

In faɗi gaskiya, wani ɓangare na zuciyata ya yi murna. Na ji kunyar hakan daga baya.

Mai Haɗi yana zaune gaban injinsa ya haɗa kai da gwiwa. Da Baba ya kawo maganar kamfanin sai ya yi tsaki.

"In zan tafi, kaina zan ɗauka, ba kwalba ba. Haɗin yana nan," ya buga goshinsa. "Kwana huɗu na yi a kan man nan. Zan sace shi in yi ta ɗigar da shi wa kyanwa?"

"Gaskiya ne. To malam, duba min wannan."

Na miƙa kofin. Mai Haɗi ya ɗaga shi wajen taga. Fuskarsa ta canza. Ya ɗauko wani ƙaramin gilashi ya dangwala, ya sa a ƙarƙashin madubinsa mai ƙara girman abu, ya daɗe a sunkuye.

"Nawa ne," ya ce. "Amma ya tsinke. Rigunan sun yage, man ya fito."

"Zafi ne ya yi masa haka?"

"Zafi sai ya yi kwanaki, kuma da wari za ka fara ji. Wannan bai yi wari ba." Ya ɗago. "Daskarewa ya yi. An sa shi ya zama dutse, sannan aka narkar. Ƙanƙara tana huda ƙwayoyin kamar allura."

"Wa ya san haka a gidan nan?"

"Ni da Likita." Ya dube ni. "Da wannan. Ranar da ya fara aiki ya murɗa sanyin firij yana gogewa, na kusa cinye shi ɗanye."

Haka ne. Har yau in na zo kusa da maɓallin nan sai in ɗauke tsummana.

Baba ya tashi. Ya ce in kai shi babbar ƙofa. Can gefen kwata, inda ƙasa ke da laushi, ya nuna min layi ɗaya siriri da sandarsa.

"Baro," ya ce. "Ya fita da nauyi. Dubi sawun mai tura shi, gajere, yana tausaya wa kayan. Wanda ya saci abu ba ya tafiya haka." Ya bi layin da ido har inda kwalta ta haɗiye shi. Agogo ya ce sha biyu saura kwata.

*

Ya tara mu a baranda: Likita, Mai Haɗi, Mai Gadi, Mai Sito, da ni. Iyaye mata ba su tafi ba. Yaran sun gaji da kuka sun yi lamo. Tsuntsuwa ta kwantar da kai a ƙirjin uwarta, idonta a kaina.

Baba ya buɗe kujerarsa ya zauna. Ya sha ruwa. Ya rufe gora.

"Ɗigo yana da wutsiya," ya ce. "In kana tafiya mai ya zuba, wutsiyar tana nuna inda ka dosa. Na lungun nan duk nan gidan suke nunawa. Manya a ƙofar yaron nan, suna ƙanƙancewa har suka ƙare a ƙofar baya. Wato daga can aka faro. Ba kwalba ce ta yoyo ba, hannu ne ya zuba."

Ya ɗaga yatsa biyu.

"Na biyu. Malam ya ce man ya daskare. Unguwar nan babu wuta tun jiya sai yau da safe. Yaron nan randa gare shi. Randa tana daskarar da abu?"

Wata mata ta yi 'yar dariya, ta kama bakinta.

Ya ciro takardar aljihunsa ya buɗe a tafin hannu. Ɗan garin katako ne, irin wanda masu sayar da ƙanƙara ke rufe ta da shi.

"Gaban firij na samu, a ɗakin da aka goge ranar Asabar. Ni ban ga ɓarawo a wannan aiki ba. Na ga mutumin da ya ji an ɗauke wuta, hankalinsa ya tashi, ya zo ya ceci magani. Mutumin da a wurinsa duk abin da ya fito daga kifi, ƙanƙara ce gatansa. Ya kai wa mai ƙanƙara ajiya. Da safe ya je ɗaukowa ya tarar da dutse. Ya narkar da guda, ya ga ta tsinke. Daga nan ne tsoro ya karɓi aikin."

Bai kalli kowa ba. Amma ni na kalli ƙafar Mai Sito. A ɗinkin takalminsa akwai garin katako, ya jiƙe ya manne.

"Zancen banza," in ji Mai Sito. "Kasuwa na bi."

"Ba laifi," Baba ya ce. Ya juya ga Mai Haɗi. "Malam, tambaya ɗaya. Firizar mai ƙanƙara a ranar da babu wuta cike take maƙil, kowa na kawo kaya. Manyan kwalabe huɗu da wuya su samu wuri. In a ce wata ba ta shiga ba, an dai tsoma ta a ruwan sanyi, ta lalace?"

"Ta lalace?" Mai Haɗi ya miƙe. "Ai ita ce mai rai! Sanyi yake so, ba daskarewa ba!"

Mai Sito ya yi wani sauti kamar an naushe shi a ciki.

"Biyu," ya ce. "Biyu ba su shiga ba. A kular lemo mai ƙanƙarar ya sa su. Na zaci su ne suka fara mutuwa, tunda ba su samu ƙanƙara ba." Ya kama kansa da hannu biyu. "Na ce masa in ya tashi wanke kula da sha biyu ya juye duka a kwata, ya fasa kwalaben."

Duk muka dubi agogo. Saura minti shida.

"Wane mai ƙanƙara?" Likita ta daka masa tsawa.

"Na bayan tasha."

Ban san lokacin da na fita ba. Ni da ake cewa ko gobara ce sai na ɗaure igiyar takalmi, ranar a bakin ƙofa na bar takalman. Na tsallake kwata, na ture wani mai keke, na ji ana zagina ban waiwaya ba. Abin da nake gani kawai shi ne farin mai yana bin kwata, da ƙafafun Tsuntsuwa suna komawa tsinke.

Na tarar da mai ƙanƙara ya jingina kula a bakin kwata, ruwa na zuba. Kwalba ɗaya tana hannunsa, yana kokawa da murfin.

"Tsaya!" na ce. "Don Allah tsaya!"

"Kai kuma lafiya?" ya ce. "Murfin nan ne ma ya ƙi buɗuwa tun ɗazu."

Mai Haɗi ne ke ɗaure murfi, kuma kullum Likita na yi masa ƙorafin yana ɗaurewa kamar mai gaba da shi. Ban sake jin ta yi wannan ƙorafi ba.

*

Na dawo da su a rungume, ɗaya a kowane gefe, naɗe cikin rigata da na jiƙa. Yanzu kam a hankali na taho. Da na shigo baranda aka dare min hanya.

Mai Haɗi ya buɗe ta farko. Baba Sannu ya miƙo kofin gilashi da ruwan gorarsa. Ɗigo ɗaya ya faɗa, ya bazu kamar hayaƙi. Muka jira maiƙo ya taso. Bai taso ba. Ta biyu ma haka. Mai Haɗi ya kai madubi ya duba, ya dawo ya gyaɗa kai.

Likita ta ce rabi ya tafi, don haka rabin kofi kowane yaro zai riƙa samu har sabon haɗi ya fito. Ta ce ba za su ƙaru ba a sati ukun, amma tana sa ran ba za su koma baya ba.

Mai Sito yana zaune a ƙasa, makullansa a gaban Likita. Da na zo wucewa ya kama ƙafar wandona.

"Ɗana."

"Me ya sa ƙofata, Baba?" Abin da na iya tambaya ke nan.

"Na ga kai za a fi yi wa uzuri," ya ce. "Na ce za su ce uba ne."

Na tsaya ina kallonsa. Da a ce ya zo da safe ya ce ga kuskuren da ya yi, da kwalabe biyu ba su kusa shiga kwata ba, da matata ba ta zauna ita kaɗai a benci ba. Ban zage shi ba. Na dai zare ƙafata a hankali.

Aka fara rabo. Matar da ta ce ni kaɗai na haifa ta matsa gefe, ta ce a fara da Tsuntsuwa. Matata ta ce a'a, layi layi ne, mu ne na bakwai.

Da aka zo kanmu Tsuntsuwa ta kama kofin da hannu biyu ta shanye, ta leƙa ciki, ta dube ni tana neman sauran. Likita ta karɓi kofin. Ta zuba ruwa kaɗan, ta kaɗa, ta mayar mata. Sannan ta ɗaga kai ta dubi sauran matan.

"Daga yau kowa ya ɗauraye kofinsa," ta ce. "Ba a barin komai a ciki."

Baba Sannu ya naɗe kujerarsa ya miƙo min.

"Raka ni bakin titi," ya ce. "Amma ka nemo takalmanka tukuna. Kuma ba gudu."